LADAN KUTURU: WA KE BIN MAI CIN TALLAFIN KARATU BASHI?

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, sai sanarwoyin neman ɗalibai su fara kwararowa cikin tsangayoyinmu. Wata jami'a a Ingila tana neman masu son yin digiri na uku a tarihi ko adabi, wata gidauniya a Jamus tana neman mai nazarin shari'a, wata cibiya kuma a Amurka tana cigiyar wanda zai yi bincike a kan tsara gine-gine. Alkawarin kusan iri ɗaya ne: za a biya kuɗin makaranta, a ba ɗalibi abin da zai ci ya biya haya duk wata, har tsawon shekara uku ko huɗu. Abin da ake so daga gare shi kawai shi ne ya zauna ya yi karatu, ya yi bincike, ya rubuta kundi.

Idan ɗalibanmu suka zo mana da irin wannan sanarwa don mu rubuta musu takardar shaida, tambayoyinsu ba sa wuce uku: nawa ake bayarwa, yaushe za a rufe, kuma waɗanne takardu ake buƙata. Mu ma da muke koyar da su, haka muka tambaya a zamaninmu. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya ce, shin kuɗin nan daga aljihun wa suka fito, me mai su yake nema, kuma idan na ci, da me zan biya? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa. Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, a nan wane ne mai ladan, kuma wane irin aski yake bin mu?

Asalin Al'adar

Ciyar da mai neman ilimi daga dukiyar wasu tsohuwar al'ada ce, ba Turawa suka fara ta ba. Al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya kawo labarin cewa a wajajen shekarun 1240 mahajjatan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makaranta a birnin Misira, kuma suka ci gaba da aika mata da dukiya. A Jami'ar Azhar an daɗe da keɓe wa ɗaliban Barno masauki nasu, ana ciyar da su daga waƙafi. A ƙasar Hausa kuwa, unguwa ce kan ɗauki nauyin malami da almajiransa ta hanyar zakka da sadaka. A duk waɗannan, wani ne ke yin noma ko fatauci don wani ya sami sukunin riƙe littafi.

Tallafin zamani ma kowanne yana da tushensa. An kafa hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, a 1925. Shirin Fulbright na Amurka ya fara a 1946, da kuɗin da aka samu daga sayar da ragowar kayan yaƙin duniya na biyu. Tallafin ƙasashen Kwamanwel an amince da shi a wani taro a Oxford a 1959, kuma cikin sharuɗɗan wanda Birtaniya ke bayarwa akwai alkawarin komawa gida bayan kammalawa. A nan Nijeriya, gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i da yarjejeniyarta da gwamnati a 1992 su suka haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni. A 2011 aka mayar da asusun TETFund, a 2023 kuma aka ɗaga harajin zuwa kashi 3. Daga wannan asusu ne aka tura malaman jami'o'i da kwalejoji masu yawa neman digiri na biyu da na uku a gida da waje. Ashe ke nan babu tallafin da ya faɗo daga sama. Kowanne yana da mai shi, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya Bambanta Waɗannan Fannoni

Mai karatu na iya cewa ai wannan tambaya ta shafi kowane ɗalibi, har da likita da injiniya. Haka ne, amma ta fi tsanani a fannonin nazarin ɗan'adam, wato tarihi da harshe da adabi da falsafa, da kuma shari'a da tsara gine-gine. Dalili kuwa shi ne, amfanin karatun likita a fili yake: marar lafiya ya warke ko bai warke ba. Gadar injiniya ta tsaya ko ta rushe. Amma abin da masanin tarihi ke fitarwa hukunci ne a kan jiya, wato wa ya zalunci wa, wa ya riga wa zuwa wannan fili. Masanin shari'a yana auna abin da ya kamata a kira adalci. Mai tsara gine-gine kuwa shi ke yanke yadda mutane za su zauna, inda mace za ta yi girki, inda baƙo zai tsaya, ko ɗaki zai sha iska ko sai an sa masa na'ura.

Irin wannan aiki yana da siffofi biyu masu haɗari. Na farko, yana da wuyar aunawa, don haka malalaci na iya ɓuya a cikinsa shekara da shekaru ba a gane ba. Na biyu, yana da sauƙin karkatarwa. Ba a iya lallashin ƙwayar cuta ta sauya halinta don a faranta wa mai kuɗi, amma ana iya tausasa babi guda a kundin tarihi, ko a tsallake wata takarda a gidan adana takardu, ba tare da kowa ya ankara ba sai shi marubucin. Hasali ma, shi kansa yana iya yin haka yana mai ganin ladabi ya yi. Saboda haka mai cin tallafi a waɗannan fannoni shi ya fi kowa buƙatar sanin wanda ke bin sa.

Ra'ayi na Farko: Kyauta Ce

Akwai masu ganin cewa tallafin karatu kyautar gwaninta ce, kamar kofin da akan ba wanda ya ci tsere. Ɗalibi ya sha wuya, ya hana idonsa barci, ya kayar da ɗaruruwan masu nema, don haka guminsa ya ci, babu mai bin sa komai. Wannan ra'ayi yana da ƙanshin gaskiya, domin ba mu taɓa ganin raggo ya sami irin wannan gurbi ba. Amma idan aka bi diddigi sai a tarar bai cika ba.

Da farko, kofin tsere ana bayar da shi ne don abin da aka riga aka yi. Tallafin digiri na uku kuwa ana bayar da shi don abin da ba a yi ba tukuna. Ya fi kama da irin shuka da akan ba manomi a farkon damina. Na biyu, mu dubi inda kuɗin suka fito. Tallafin gwamnatin Birtaniya ko ta Jamus harajin direban bas ne da ma'aikaciyar jinya, waɗanda galibinsu ba su taɓa tunanin yin digiri na uku ba. Harajin ribar kamfanoni a Nijeriya kuwa, a ganinmu, wani kaso nasa yana komawa ne kan mai sayen sabulu da siminti da katin waya. Mai tallan ƙosai da ke bakin ƙofar jami'a tana da hannu a cikin digirin malamin da ke wuce ta a mota, ko da yake ita da shi duk ba su san haka ba.

Na uku, ita gwanintar ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Wanda ya kai ga cike takardar neman tallafi ya riga ya sami wanda ya biya masa kuɗin jarrabawar Turanci da na fasfo, ya sami malamin da ya san sunansa, ya sami wata 'yar'uwa da aka cire daga makaranta don kuɗin gida ba su isa biyu ba. Dukkanmu mun san wani a ajinmu na firamare da ya fi mu kai, wanda yau yake tuƙa babur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ce shi kaɗai ya ɗauka, mantuwa ce ta kama shi.

Ra'ayi na Biyu: Ciniki Ne

Wasu kuma sun tafi ɗaya gefen. A wurinsu al'amarin ciniki ne tsakanin mutum biyu: mai kuɗi ya biya, ɗalibi ya sa hannu, abin da ke cikin takarda shi ne bashin, ba ƙari ba ragi. Wannan ra'ayi ya fi na farko ƙarfi, kuma akwai ɓangarensa da ba mu da ja a kai. Alkawari kaya ne. Malamin da jami'arsa ta sake shi da albashinsa, aka biya masa karatu bisa sharaɗin zai dawo ya koyar na wasu shekaru, sa'an nan ya yi ɓatan dabo, ya ci amanar fiye da ma'aikatarsa. A ƙarshen 2024 TETFund ta sanar da dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga 1 ga Janairun 2025, kuma dalilan da ta bayar su ne tsadar karatun da yawan masu ƙin dawowa. Waɗanda suka tsere sun tafi da digirinsu, amma sun ja ƙofa a fuskar ƙannensu.

Sai dai idan aka bi wannan ra'ayi har ƙarshensa, zai kai mu inda ba mu so. In dai mai biya shi ne mai aikin kacokan, to shi ne mai sakamakon aikin, kuma yana da ikon cewa ga abin da yake so a gano. Tarihi ya nuna wannan tsoro ba na banza ba ne. A 1964 rundunar sojan Amurka ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Camelot, wanda zai ɗauki masana zamantakewa su binciko abin da ke haddasa tawaye a ƙasashe masu tasowa. Da asirinsa ya tonu a ƙasar Chile a 1965 aka soke shi, bayan ya riga ya shafa wa masu bincike na gaskiya kashin kaji. A kusa da mu kuma, ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, da mujallar Black Orpheus, da mujallar Transition ta Kampala, duk sun sami taimako daga wata ƙungiyar raya al'adu da ke Faris. A tsakanin 1966 da 1967 aka gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ce ke zuba wa waccan ƙungiya kuɗi a ɓoye. Ayyukan da Mbari ta fitar, irin na Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark, sun tsaya da ƙafarsu har yau, domin marubutan ba su rubuta don mai kuɗin ba. Amma darasin ya zauna: mai bayarwa na iya samun wata manufa da bai faɗa ba.

A yau matsin ya fi zuwa a hankali. Gidauniya kan fitar da jerin batutuwan da take so, sai ɗalibin da zuciyarsa ke kan waƙoƙin mata na daka da niƙa ya lanƙwasa takardarsa ta koma kan ƙaura ko tsaro, domin can kuɗi suke. Ba mu ce wannan haramun ne ba. Mai dukiya yana da haƙƙin zaɓen gonar da za a nome masa. Iyakar da muke gani ita ce: yana iya sayen lokacin mai bincike, yana iya zaɓen tambayar, amma amsar ba ta sayarwa ba ce. Ranar da aka sayi amsa, abin da aka rubuta ya tashi daga bincike ya koma talla, kuma shi kansa mai biyan an cuce shi, domin ya biya kuɗin madubi an ba shi hoto.

Kuɗi Mai Tabo

Wata matsalar kuma ita ce idan dukiyar kanta tana da tabo. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford, wanda ya samo asali daga wasiyyar Cecil Rhodes da ya rasu a 1902. Dukiyarsa ta taru ne daga ma'adinan lu'ulu'u na Kimberley da zinariyar Afirka ta Kudu, a kan gumin baƙaƙen leburori, kuma kamfaninsa ne ya mamaye ƙasashen da aka sa wa sunansa, waɗanda yau ake kira Zimbabuwe da Zambiya. A ranar 9 ga Afrilun 2015 aka cire gunkinsa daga harabar Jami'ar Cape Town bayan zanga-zangar ɗalibai. Da kiran ya isa Oxford, sai aka tarar ɗaya daga cikin jagororinsa ɗan Afirka ta Kudu ne mai karatun shari'a da tallafin Rhodes ɗin. Nan take aka yi masa ca, aka ce butulu ne, yana cin tuwon mutum yana zaginsa.

Shin butulci ne? Magabata sun san wannan damuwa. Imam al-Gazali, wanda aka naɗa babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ya ajiye muƙamin a 1095, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai ƙara karɓar dukiyar masu mulki ba. Wanda ya bi wannan hanya ya ƙi kuɗi mai shubuha, muna girmama shi, kuma ba za mu ce masa ya yi wauta ba. Amma ba mu ga dalilin ɗora wannan a kan kowa ba. Idan jikan leburan Kimberley ya ƙi kuɗin, ba su koma wa kakansa ba, wani ne zai ci. Idan ya karɓa yana sane da asalinsu, ya yi karatu da su, ya faɗi gaskiya a kan wanda ya tara su, to a ganinmu ya sauke nauyin da ke kansa. Godiya wajibi ce, amma godiya daban, kama baki daban. Butulu shi ne wanda ya musanta cewa an taimake shi. Wanda ya yarda an taimake shi, kuma ya ƙi yin ƙarya don saka alherin, shi ne ya riƙe mutuncin tallafin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya karɓa ido rufe, ya ƙi tambaya don kada amsar ta ɓata masa barci.

Komawa Gida

Mu koma kan batun da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato dawowa. Akwai waɗanda suka dawo, kuma dawowarsu ta sauya ƙasa. Kenneth Dike ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1950, kundinsa a kan fatauci da siyasa a yankin Neja Delta ya fito a littafi a 1956, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa gidan adana takardun tarihi na Nijeriya a 1954, wanda rassansa na Ibadan da Inugu da Kaduna suka zama rumbun duk mai binciken tarihinmu. Taslim Elias ya sami nasa a fannin shari'a a Landan a 1949, ya rubuta littafi a kan yanayin dokokin gargajiya na Afirka a 1956, a lokacin da wasu ke shakkar ko sun cancanci a kira su doka. Ya zama Babban Lauyan Tarayya a 1960, ya kuma shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. A fannin gini kuwa, Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ya tafi Jamus da tallafin koyon kafinta a 1985, daga baya ya karanci tsara gine-gine a Balin. Tun bai gama ba ya tara kuɗi ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da tubalin ƙasa a 2001, da rufi mai ɗagowa don iska ta ratsa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker. Ofishinsa yana Balin, amma Gando ba ta rasa shi ba.

Ga kuma wani misali mai wuyar hukunci. A 1913 Sarkin Baroda a Indiya ya ba wani matashi mai suna Bhimrao Ambedkar tallafin karatu a Jami'ar Columbia da ke Amurka, bisa sharaɗin zai yi wa masarautar aiki na shekara goma. Ambedkar ya fito ne daga jinsin da ake ƙyamar taɓawa. Ya dawo a 1917 don cika alkawari, amma a Baroda ya rasa mai ba shi ɗaki, aka kore shi daga masaukin da ya raɓa da aka gane asalinsa, a ofis kuma masinjoji na jefo masa fayil daga nesa don kada hannunsu ya taɓa nasa. Bai daɗe ba ya tattara ya bar garin. Idan takarda za a bi, bai cika shekara goman ba. Amma wannan mutum ne ya ƙara karatun tattalin arziki da shari'a a Landan, ya zama ministan shari'a na farko a Indiya a 1947, ya kuma shugabanci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950, wanda sashensa na 17 ya haramta ƙyamar da ta kore shi daga Baroda. Wa zai ce bai biya ba?

Abubuwa biyu muke koya daga nan. Na farko, amana tana da baki biyu. Wanda ya tura ɗalibi yana da nasa nauyin: ya aika masa da kuɗinsa a kan kari, musamman a irin halin da faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta jefa ɗalibanmu na waje, kuma ya tanadar masa wurin dawowa da zai iya aiki a cikinsa. Na biyu, kada wani ya fake da Ambedkar. Shi ya dawo, ya gwada, aka kore shi. Wanda bai ko sayi tikitin dawowa ba, bai nemi a yafe masa ba, bai mayar da abin da aka kashe ba, ba a sahu ɗaya suke ba.

Bugu da ƙari, akwai mai dawowa da gangar jiki alhali bai dawo da komai ba. Ya sa an rubuta masa Dakta a ƙofar ofis, kundin yana kan kanta yana shan ƙura, ɗalibansa na neman sa wata uku ba su gan shi ba. Wannan ya cika sharaɗin takarda, amma a ma'aunin da muke magana a kai, wanda ke zaune a waje yana duba kundayen ɗalibanmu kyauta yana aiko da littattafai ya fi shi biya.

Masu Bin Bashi da Ba Su da Takarda

Saura rukuni guda da ba a ambatonsu a kowace yarjejeniya. Su ne waɗanda aka ɗebo ilimin daga bakinsu. Babu kundin da ake rubutawa a waɗannan fannoni ba tare da su ba. Murray Last, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ibadan a 1964 a kan Daular Sakkwato, ya zauna ne a gaban Waziri Junaidu da littattafansa. Kundin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a Indiana a kan Mamman Shata yake, na Ɗalhatu Muhammad na 1977 a Landan kuwa a kan Aƙilu Aliyu. Duk mai nazarin ginin Hausa dole ya tsaya a ƙarƙashin bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya kuma nemi magina su nuna masa yadda ake jera azara da yadda ake kwaɓa makuba. Mai binciken gado ko filaye yana buƙatar tsohon alƙali da mai unguwa da gwauruwar da aka hana rabonta.

Waɗannan da muka ambata da suna an san su, an kuma yaba musu. Amma bayansu akwai dubbai da suka ba mai bincike tabarma da ruwan sha da yini guda na rayuwarsu, ya naɗi muryarsu ya tafi, ba su sake jin ɗuriyarsa ba. An rubuta abin da suka faɗa da harshen da ba sa ji, an ajiye shi a ɗakin karatun da ba za su taɓa shiga ba. A ganinmu waɗannan su ne suka fi cancantar aski, kuma biyansu ba shi da tsada: a ambace su in sun yarda, a sakaya su in ambaton zai cutar da su, a bar kwafin abin da aka naɗa a inda jikokinsu za su same shi, a kuma koma a faɗa musu abin da aka gano da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko duk harshen da aka yi hirar da shi. Mu da ke sashen harshe mun fi kowa rashin uzuri a nan.

Kammalawa

Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne tallafin digiri na uku amana ce, kuma masu ita sun fi wanda ya sa hannu a takarda yawa. Mai bayarwa yana bin mu aiki tuƙuru da cika sharaɗi da godiya. Talakan da harajinsa ya biya yana bin mu amfani. Tsohon da ya buɗe mana ƙirjinsa yana bin mu komawa. Mai zuwa bayanmu yana bin mu kada mu rufe masa ƙofa. Dukkansu kuwa suna bin mu gaskiya, domin ita ce kaɗai abin da mai bincike ke da shi wanda ya cancanci a ciyar da shi shekara huɗu dominsa.

Ba muna hana ɗalibanmu nema ba ne. Su nema da ƙarfinsu, mu kuma za mu ci gaba da rubuta musu takardun shaida. Roƙonmu shi ne, kafin alƙalami ya taɓa takarda, su ƙara tambayoyi huɗu a kan ukun da suka saba: daga ina kuɗin suka fito, me aka sharɗanta, shin zan iya wallafa abin da na gano ko da bai yi wa mai biya daɗi ba, kuma a hannun wa zan ajiye abin da na samo? Wanda ya iya amsa su da natsuwa ya sa hannu, Allah ya ba da sa'a. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu kunya a ɗaukarsa ga wanda ya san masu shi ya kuma yi niyyar biya.